Alƙalin Barnsley da Ɗan Sarkin Rabah: Abin da Kurket Ya Baro a Ingila

A shekarar 1959 wani ɗan mai haƙar kwal daga garin Barnsley, Dickie Bird, ya ci maki 181 wa ƙungiyar kurket ta gundumar Yorkshire ba tare da an fitar da shi ba. A wasa na gaba aka ajiye shi a benci. Ya koma Leicestershire, ya yi wasa har 1964, sannan ya zama mai horar da ɗalibai a wata makaranta a Plymouth. A 1970 ya sanya farar rigar alƙalanci. Ya yi alƙalancin manyan wasannin ƙasa da ƙasa 66, da wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya har sau uku: 1975, 1979 da 1983.

Wannan hanya, daga ɗan wasa zuwa mai horarwa zuwa alƙali, ita ce ta riƙe kurket a Ingila. 'Ya'yan talakawa ne suka mai da wasan sana'a, idan ƙarfi ya ƙare sai su koyar ko su yi hukunci. Har zuwa 1962 ana bambanta su da 'ya'yan masu hali da ke wasa don nishaɗi, a wasu filaye ma kowa da ƙofar shigarsa.

Da Turawan mulkin mallaka suka kawo kurket Arewa, ɓangaren 'ya'yan masu halin kaɗai suka kawo. Wasan ya sauka ne a makarantun da aka tanada don 'ya'yan sarauta, musamman Kwalejin Katsina. Can ne Ahmadu, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, wanda nasabarsa ke komawa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya buga kurket da fayif, wato wasan dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Manufar malamansa ba ɓoyayya ba ce: su tarbiyyantar da masu mulki da suka saba bin doka da karɓar hukunci. Ahmadu ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna. Ɗan wasan Katsina hakimi yake zama, ko ma'aikacin En'e. Ba a tanadi wata hanya da zai ci abinci da sandar kurket ba, don haka ba a samu irin su Bird da za su kai wasan Rabah ko Goronyo ba.

Fayif kuwa ya tsira, kuma a ganina dalilin bai wuce arha ba. Kurket na buƙatar shimfiɗaɗɗen fili, da sanda, da kariyar ƙafa, da mutum ashirin da biyu, da alƙalai biyu masu tsayuwa wuni guda. Fayif bango ne da ƙwallon tanis da mutum huɗu. Wanda ya iya yau shi zai koya wa ƙanensa gobe. Sardauna bai bar shi ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuma har yanzu 'yan fayif na jihohin Arewa suna fafatawa a kan kofin da ke ɗauke da sunansa.