Idon da Ya Riga Yin Gargaɗi

A wajajen 1950, a asibitin tsofaffin sojoji na birnin Montreal a Kanada, wani mai shanyewar ɓarin jiki ya shaida wa likita Miller Fisher cewa kafin ciwon ya kayar da shi, idonsa ɗaya yakan makance na 'yan mintuna, sannan ya washe. Likitocin zamanin sukan ɗora wannan kan tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Da mutumin ya rasu, binciken gawarsa ya nuna babbar jijiyar jinin wuya ce ta toshe. A 1951 Fisher ya wallafa cewa irin wannan alamar gargaɗi ce. Sai a 1991 babban gwaji ya tabbatar cewa tiyatar share jijiyar tana rage haɗarin shanyewa idan toshewar ta tsananta.