Shekarar 1812: Alƙaluman Sifawa

Mu mutanen wannan yanki, daga Gidan Goga har Maradun, Bakura da Talata Mafara, muna da rabo a tarihin rubutun Sakkwato. Tun kafin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma Faru da ke nan kusa da mu tana cikin wuraren da ya zauna. Amma a makarantunmu yaƙe-yaƙe kawai ake ƙirga wa yara. Na ɗauki shekara guda, 1812, wato 1227 ta Hijira, domin a ga abin da alƙalami ya yi.

A lokacin an ci Alƙalawa da shekara huɗu, Shehu yana zaune a Sifawa yana karantarwa. A shekarar nan Muhammadu Bello, yana ɗan shekara 31, ya kammala Infaƙul Maisuri. Ya bayyana ƙasashen Tukururu da malamansu, ya ba da labarin jihadi, sannan ya kwafo wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Alkanemi na Borno. Wannan na ƙarshe shi ya fi burge ni. Alkanemi ya ƙalubalanci halaccin yaƙar Borno da kakkausar murya, amma Bello bai ɓoye hujjojinsa ba, ya sa su a littafinsa ya amsa. Ba don haka ba, da wuya mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

A cikin gida ma an yi muhawara. Abdullahin Gwandu ya rubuta Liya'us Sulɗan, inda ya tsananta a kan laƙaban sarauta, kiɗe-kiɗe da tufafin ƙawa da ya ga suna dawowa. Shehu ya sassauta a Najmul Ikhwan, yana nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a. Wa da ƙane ke nan, kowa da littafinsa. A nan ne Shehu ya shawarci ɗalibai su karanta littattafan ƙanensa domin sanin shari'a, na ɗansa Bello kuma domin sanin siyasar al'umma.

Duk wannan da hannu aka yi shi, da alƙalamin kara da tawada. Takarda kuwa fatake ke kawo ta ta Sahara daga Turabulus, akasarinta ƙirar Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku idan aka ɗaga ta a haske.

Ina aikin gwamnati na taɓa ganin irin wannan takarda a gafakar wani tsohon malami a wani ƙauye kusa da Bakura, gara ta ci gefenta. Da na koma bayan rasuwarsa, magada sun raba ganyayen a matsayin tabarruki, kowa ya tafi da nasa.