Hukuncin Da Ya Riga Ɗaukaka Ƙara: Darasi Daga Tsafe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW). Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. A watan Satumba na 2000 kotun shari'a a Tsafe ta yanke wa Bariya Ibrahim Magazu bulala 100 na zina da 80 na ƙazafi. Daga baya aka janye na ƙazafin, aka yi mata 100 ɗin ranar 19 ga Janairu, 2001, alhali lauyoyinta suna shirin ɗaukaka ƙara.

To, me ya rage wa kotun sama ta duba? Ƙa'idar kotunan Nijeriya ita ce ba su sauraren ƙarar da hukuncinta ba zai amfani kowa ba. Sai dai aukuwar abu ba ta rufe ƙofa a kowane hali. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa ƙararsa tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an saɓa doka, ta ba iyalinsa diyya. Amma diyya ba ta mayar da rai. Safiya Husaini a Sakkwato (2002) da Amina Lawal a Katsina (2003) sun kuɓuta ne saboda hukunci ya jira kotun sama.

Hana beli ma haka yake, domin kwanakin da mutum ya yi a tsare ba su dawowa ko da an wanke shi. Shi ya sa sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta kai wanda ake tuhuma kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Malaman fiƙihu sun halatta tsarewa saboda tuhuma, kuma sun san lamuni, wato kafala, sannan sun tabbatar cewa shubuha tana tunkuɗe haddi.

Saboda haka jinkirta abin da ba a iya warwarewa yana cikin adalcin da shari'a ta zo da shi. Allah Ya yi wa alƙalanmu jagora, amin. Wallahu a'alam.