Kadikcan: Garin Kwal da Ya Mutu, Littafi Ya Rage

Mai karatu, in ka buɗe taswirar Rasha, kai idonka can ƙuryar arewa maso gabas, lardin Magadan, yankin da ake kira Kolima. Tafiyar kilomita kamar 65 daga garin Susuman akwai wani ƙauye mai suna Kadikcan. A yaren Eben, mutanen asalin wurin, sunan na nufin ƙaramin kwazazzabo. Duwatsu ne da daji su ka kewaye shi, ƙarƙashin ƙasar a daskare ya ke rani da damina, kuma a tsakiyar hunturu sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili. Za ka ce, me zai kai ɗan Adam nan? Kwal ne.

A 1931 gwamnatin Stalin ta kafa hukumar Dalstroy don haƙo zinare a Kolima. To amma wa zai je da ƙafarsa? Sai aka riƙa kwaso fursunoni a jirgin ruwa, ana sauke su a Magadan. Su su ka fasa babbar hanyar da ta ratsa yankin, wadda har yau ake kira Hanyar Ƙasusuwa saboda yawan waɗanda su ka mutu a kanta. Aikin zinare na son wuta, wuta kuma na son kwal. Da haka aka kafa Kadikcan a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da gumin fursuna.

Cikin waɗanda su ka sha wannan uƙuba akwai wani marubuci, Varlam Shalamov, haifaffen 1907. Tsakanin 1940 da 1942 ya yi aikin kwal a Kadikcan da Arkagala da ke kusa. Da ya samu kansa, sai ya zauna daga 1954 har 1973 ya na rubuta gajerun labaran da aka sani da Labaran Kolima. Babu ado a cikinsu, babu jarumi mai ceto. Yunwa ce kawai da sanyi da yadda su ke sauya halin mutum. A Landan aka buga su a littafi a 1978, domin a gida haramun ne. Ya rasu a Mosko a 1982, bai ga an buga su a ƙasarsa ba.

Bayan mutuwar Stalin a 1953, aka rufe sansanonin sannu a hankali, ma'aikata masu albashi su ka maye gurbin fursunoni. Kuɗi ne ya ja su, don albashin arewa ya fi na ko'ina tsoka. Aka gina benaye, makaranta, asibiti, har da gidan silima. Kwal ɗin ya na tafiya tashar lantarki ta Arkagala. Ƙidayar 1989 ta samu mutum 5,794 a garin.

Sai Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, tallafi ya yanke, haƙar ta daina riba. A Nuwamban 1996 wani abu ya fashe a cikin ramin, mutum 6 su ka mutu. Shi ke nan, aka rufe. Ka tuna fa, a irin wannan wuri in aka kashe bututun ɗumama ɗaki, an kore ka ke nan ba sai an yi magana ba. Gwamnati ta ba mutane ɗan abin tafiya, su ka watse. A 2002 saura mutum 875, a ƙidayar 2010 kuwa ko mutum ɗaya babu.

Matafiyan da su ka leƙa sun ɗauko hotunan littattafai a zube, kayan wasan yara a ƙasa, da gunkin Lenin da harsashi ya farfasa wa fuska.

Abin lura, mai karatu, gwamnatin da ta gina garin ta tafi, masu gadin fursuna an manta da su, benaye na rugujewa. Amma labaran fursunan nan ana karanta su a harsuna da dama. Don haka in ka ga marubuci na rubuta abin da idonsa ya gani, kar ka raina masa.