Lagireton a-kori-kura: Abin dubawa kafin a saya wa tsohuwar Fijo sabo

A ƙananan hukumomin Garun Malam da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani tun shekarun 1970, har yau a-kori-kura ƙirar Fijo na cikin motocin da ke kwaso tumatir da albasa daga gona zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Kakar tumatir tana kaiwa watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano. Idan lagireto ya gaza a hanya, inji na iya bugawa, kwandunan manomi kuma su ruɓe a rana.

Dalilin wahalar samun na asali

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, gwamnatin tarayya kuma ta sayar da kasonta a 2006, a daidai zamanin da aka daina haɗa ƙirar 504. Yau mai irin wannan mota ya dogara ne da 'yan gwangwan da kayan da ake shigowa da su, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa. Faɗuwar darajar naira tun watan Yunin 2023 ta ƙara musu tsada, ta kuma sa mai saye karkata ga mai araha. Hukumar SON ce doka ta ɗora wa sa ido kan ingancinsu, amma a bakin shago idon mai saye ne alƙali.

Na tagulla ko na alminiyam?

Lagireton asali na waɗannan motoci na jan ƙarfe da tagulla ne. Yana da nauyi da tsada, sai dai mai gyara na iya buɗe shi, ya soke bututunsa, ya like da dalma. Na alminiyam mai tankin roba ya fi sauƙin nauyi, yana kuma sanyaya ruwa yadda ya kamata, amma in robar ta tsage, galibi sai dai a sake wani. Ga motar da ke bin hanyoyin gona masu gargada, wanda za a iya gyarawa a gari mafi kusa ya fi rufin asiri.

Abin dubawa

A tafi kasuwa da tsohon, a gwada tsawo da faɗi da wurin ɗaure kusoshi da bakunan tiyo na sama da na ƙasa. Na 404 daban ne da na 504, haka na injin fetur da na dizal. A ƙirga jerin bututun da ke ciki. Mai jeri uku ya fi mai biyu jure lodi, muddin ya bar wa fanka fili. Idan na hannu ne, a toshe bakunansa, a hura masa iska cikin ruwa: kumfa alamar yoyo ce.

Kada a raina murfi. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, don haka a sa sabo mai lamba ɗaya da ta asali.

Bayan an ɗaura

Ba kowane zafin inji ba ne laifin lagireto. Bakanike ya duba fanbel da famfon ruwa da gasket tukuna, kada a yi asarar kuɗi a banza. Ruwan kwalbatin ban-ruwa, duk da yana kusa, laka da gishirinsa na toshe bututu. A zuba tsabtataccen ruwa haɗe da maganin hana tsatsa. A riƙa kakkaɓe ƙura da ƙaiƙayin shinkafa daga fuskarsa. Kuma ko ana sauri, kada a buɗe murfi inji na da zafi, domin tafasasshen ruwan kan yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu.