Takardar yankan kayan wasan kwaikwayo

Takardar yanka ita ce zanen sassan tufafi a kan takarda, wanda tela ke shimfiɗawa bisa yadi ya bi da almakashi. Masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo da fina-finai suna dogara da ita sosai, domin sukan ɗinka suturar zamanin da ba su taɓa gani ba.

Ebenezer Butterick, wani tela a Amurka, ya fara sayar da irin wannan takarda mai girma daban-daban a 1863. A Ingila kuwa, Janet Arnold ta auna tsofaffin riguna na gidajen tarihi, ta zana yankansu a littattafanta, Patterns of Fashion, waɗanda har yau ake amfani da su.

Wajen zaɓe, awon ƙirji da ƙugu ake bi, ba lambar rigar kanti ba, don lambobin ba sa dacewa. Kamfanonin Amurka masu yin takardar sukan bar rarar santimita 1.5 ta ɗinki. Gwanaye kan fara gwadawa da akoko mai araha, ɗan wasa ya sa, ya ɗaga hannu, ya durƙusa, a gyara inda ya matse kafin a taɓa yadi mai tsada.