Yadda Ƙwallon Ingila Ta Zama Haja

Duk wanda ya ratsa Kano ko Zariya ran Asabar da la'asar ba zai rasa jin ihu daga wata rumfar kwano ba. In ya leƙa, sai ya ga samari maƙil bisa benci, sun zuba wa akwatin talabijin ido, suna kallon wasan da a ke yi a London. To, yaya aka yi wasan Turawa ya iso lungunmu, kuma wa ke cin ribarsa?

Asalin abin a Ingila ne. A 1937 gidan BBC ya fara gwada nuna ƙwallo, tsakanin 'yan Arsenal da 'yan bayansu. Amma masu kulob ba su yi murna ba. Tsoronsu shi ne, in mutum ya sami kallo a ɗakinsa, me zai kai shi fili ya biya kuɗin shiga? Saboda haka shekara da shekaru suka yi ta ja da masu talabijin. Ko a 1964, da aka soma shirin Match of the Day, gutsattsarin wasa kaɗai a ke nunawa, bayan an tashi.

Abin da ya juya al'amarin shi ne tauraron ɗan Adam, wanda ke karɓar hoto daga wata ƙasa ya watsa shi a wata nan take. A 1992 manyan kulob na Ingila suka ware, suka kafa gasar Firimiya, aka sayar da iznin nuna ta na shekara biyar a kan fam miliyan 304, kamfanin Sky ne ya ɗauki wasannin da a ke nunawa kai tsaye. Ga yadda cinikin ya ke: a kan yi gwanjo ƙasa ƙasa, wanda ya fi tayi shi ke samu. Shi kuwa sai ya kulle hoton, ba mai gani sai wanda ya sayi na'urarsa, yana biya wata wata. Mai gidan kallo ya biya, ya sayi man janareta, sa'an nan ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar na samari. Ta haka kuɗin ɗan acaɓa ke tafiya har aljihun ɗan wasa a Manchester.

A Nijeriya kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ne ya daɗe riƙe da wannan kasuwa, kuma zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999 ya ƙara mata armashi ƙwarai. A 2007 wani kamfanin gida, HiTV, ya ƙwace iznin. Bai jima ba, gama farashi ya yi ta hawa, ya rasa shi a 2010, ya durƙushe a 2011. Wannan ciniki ba na mai ƙaramin jari ba ne. A zagayen 2022 zuwa 2025 kuɗin ƙasashen waje ya haura fam biliyan 5, har ya zarce na cikin Ingila, abin da bai taɓa faruwa ba.

Wani abin mamaki kuwa, tsohon tsoron nan na masu kulob bai mutu ba. Tun shekarun 1960 akwai ƙa'ida a Ingila, ba a nuna wasan ƙarfe 3 na ran Asabar kai tsaye, don kada ƙananan filaye su zama kufai. Wato wasan da mutumin Fagge ke kallo a kan bencinsa, mutumin London ba shi da halin ganinsa a ɗakinsa. Mu kuwa ba mu yi wa namu filayen irin wannan shinge ba.